Bajon Basira ya tafi bita

Jama'a, ranar Talata ƙafata ta zurma cikin kwalbatin da aka buɗe a bakin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda aka ce za a rufe bayan zaɓe. Ban yi fushi ba, tunda ba a faɗi wane zaɓen ba. Ɗanladi mai adaidaita ya kwashe ni sai asibiti, likita ya ce a yi mini hoton ƙashi.

Wa zan tarar a ɗakin hoto? Basira, 'yar maƙwabcina Malam Inuwa, yarinyar da ta yi rarrafe a gabana. Yanzu ita ke danna injin, ga ciki ya fara turo riga. Ni dai na san hasken injin nan ido ba ya ganinsa, kuma illarsa taruwa take yi a hankali. Shi ya sa ake maƙala wa ma'aikata wani ɗan bajo a ƙirji, lokaci-lokaci a kai shi awo a ga yawan hasken da mutum ya sha. Na dubi rigar Basira, ban ga komai ba sai biro.

Da na tambaya sai ta yi dariya, ta ce ai an kawo bajon, sai dai bai kai yawan mutane ba, aka raba shi yadda muke raba komai, wato daga sama. Mai Girma Shugaban Sashe ya ɗauki ɗaya, mataimakinsa ya ɗauka, sai shugaban kwamitin da ya sayo, sai wanda ya buɗe taron da addu'a. Kafin a sauko kan masu shiga ɗakin, kwali ya ƙare.

Ni ban ga laifi ba, girmama na gaba tarbiyya ce. Kuma abin yana yi wa babbar riga kyau. Na taɓa ganin sa a ƙirjin wani a ɗaurin aure a Tarauni, na ɗauka lambar yabo ce, har na ƙara rusunawa.

Ta ce ta roƙa a mayar da ita tebur har ta haihu, aka ce sai awon bajonta ya nuna haɗari. "To Baba, wane bajon?"

Bayan La'asar na ɗingisa ƙofar gidan Malam Inuwa, ya ƙarasa mini labarin. Ashe an kai bajon manyan awo, duk suka fito tas, ban da na Mai Girma, wanda ya sha haske ya ƙoshi. Hankalin kowa ya tashi, don mutumin nan ofishinsa a bene yake, ko hanyar ɗakin hoto sai an nuna masa. Daga baya aka gano a akwatin tafiya yake ajiye shi. Yau taro, gobe bita a ƙasar waje, jibi Umara, kuma kowane filin jirgi sai an tura akwatin cikin injin haska kaya.

Kwamiti ya zauna, ya ci shinkafa, ya yanke hukunci. Tunda na sauran sun fito tas, ɗakin hoto lafiya lau yake, Basira ta ci gaba da aiki. Shi kuwa Mai Girma a ba shi hutu ya je waje a duba shi.

"Malam, jikana ne fa a cikin nan," in ji Malam Inuwa. "Kullum ta fita aiki sai gabana ya faɗi." Wallahi ni ma sai da nawa ya faɗi.

Amma kada ku ce ba a ci gaba. Makon jiya an kawo ƙarin bajo guda, har da sunan Basira a jiki. Sai dai tunda an tabbatar Mai Girma ne ke cikin haɗari, aka haɗa masa da shi ya riƙe biyu, yanzu haka yana cikin akwati.

To, ranka ya daɗe, Allah ya tsare hanya. Don Allah ka bi ta filayen jirgi da yawa, ko awon ya hau a tausaya wa yarinyar nan a ba ta tebur. An dai ce sakamakon sai bayan suna zai fito.