Baƙar Ɗamara

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, 'yan bangar siyasa suka cika gari, tsoro ya hana ni sakat a shagona na Gobarau. Sai na yanke shawarar koyon kareti wajen wani ɗan Filato, Malam Bulus, da ke koyarwa a GRA.

Na kai wa Iro tela yadi ya ɗinka mini fararen kaya irin na 'yan kareti. Da muka zo kan ɗamara na yi dogon tunani. Fara tana saurin datti, kuma ina tsoron a ce sabon ɗalibi ƙazami ne. Na ce ya yi baƙa. Har na yaba wa kaina.

Ranar farko ina shiga wajen koyon sanye da kayan, ɗalibai suka miƙe suka rusuna. Na ɗauka tarbiyya ce. Malam Bulus ya gaishe ni hannu bibbiyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan gwada mana da Sani, shi ne babbansu."

Kunya ta hana ni tambayar abin da za a gwada. Sani ya kurma ihu, na ga ƙafa, sai na ga rufi.

Ina kwance Malam Bulus ya ce, "Wai wa ya ba ka baƙar ɗamara?"

Na ce, "Iro tela, bakin kasuwa."

A nan aka gaya mini baƙa ta ƙwararru ce, shekaru ake yi kafin a same ta.

Har yau in na gifta, Iro sai ya ɗaga murya: "Maigida, akwai sauran baƙin yadi, ko a ƙara maka girma?"