Tarwaɗar da na kai wa ƙararrawar makaranta

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko ta koyarwa a wata sakandare da ke Miri ba. Baƙo ne ni a Bauchi. Lokacin tara, malamai kan kewaye tiren masa suna shewa, ni kuwa ina gefe da littafi (wanda ba ya cewa "bismillah, matso"). Babu abin da nake so kamar wannan matso ɗin.

A wani tsohon littafi na tsinci kalmar mutanen Biyetnam ta dā, *chày kình*: gungumen da ake dukan ƙararrawar ɗakin ibadar mabiya Buddha da shi. Ana sassaƙa shi da siffar ƙaton kifin teku, wai dodon da ake ƙerawa bisa ƙararrawar tsoronsa yake, yana ganinsa sai ya kurma ihu. Tamu ƙararrawar kuwa wilin mota ce a jikin darbejiya, ana dukanta da guntun rodi. Na ce ga hanyar shiga mutane ta samu.

Na je wurin mai sassaƙa turmi, na ce ya sassaƙa mini irin wannan kifin. Bawan Allah bai taɓa ganin teku ba, sai ya yi mini tarwaɗa, har da gashin baki.

Ranar Litinin a taron safe na nemi izini, na yi wa ɗalibai da malamai doguwar lacca a kan dodo da kifi. Na ɗaga tarwaɗata, na maka wa wili. Maimakon amo, sai wani ɗan "ƙwas", kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Na ƙara da ƙarfi. Kan kifin ya fita, ya gangara har gaban shugaban makaranta.

Ya dube shi, ya dube ni. "Malam, da alama dodonmu na Bauchi ba ya tsoron tarwaɗa."

Dariyar da aka yi ta fi ƙararrawar amo.

Da tara, Madam Ngozi mai Lissafi ta ɗago kai daga tire. "Malam Kifi, zo ci masa mana."

Na matsa, na ci guda biyu, ana ta tambayata lafiyar dodo. Washegari kowa ya koma sabgarsa, ni da littafina, sai dai sunan ya zauna.

Na dai koyi abu ɗaya: mai son a ce masa matso, ya fara sayo masar, ya bar Biyetnam inda Allah ya ajiye ta.