Gishirin Da Na Watsa Wa Kanola

Ba zan taɓa mantawa da aikin lambun da na yi a Jidda ba, ko da kuwa na so. Umra na je na maƙale a unguwar Bani Malik, ba iƙama, wato takardar izinin zama, kullum cikin ɓuya. Baba Usman, wani dattijo Bahaushen Sudan, shi ya kai ni wurin wani Balarabe mai lambu a bayan gari, ya rantse masa ni manomi ne gaba da baya. (Gero da gyaɗa kaɗai na sani.)

Balaraben ya shuka wata aba wai kanola, wadda ake matse mai daga 'ya'yanta. Ya ce ranar da ta yi fure zai zama kafilina, wato mai tsaya mini, ya yi mini iƙama. Wallahi har hawaye na yi.

Tana tsirowa sai ganyen ya fara hujewa. Baba Usman ya sa na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu da yamma. Da safe na ɗaga, sai ga ɓarayin kwance: dodon koɗi ne marasa ƙoƙo, sai yauƙi. Ya ce, "Ɗana, kowace safiya ka tsince su da hannu."

Ni da tsince-tsince? Na tuna muna yara, gishiri muke barbaɗa wa dodon koɗi ya narke. Na ɗauko buhun gishiri guda na watsa shi kamar taki, na kwarara ruwa don ya ratsa sosai. (Har waƙa nake yi, kaicona.)

Ranar Juma'a mai lambu ya kawo abokansa su ga kanolarsa. Duk ta kwanta, ta ƙone ƙurmus. Ya tsugunna ya dangwali ƙasa ya lasa, ya ɗago ya dube ni.

"Ya Haj, esh hada?" Wato mene ne wannan.

Ina ma na yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Amma dodon koɗin duk sun mutu."

Baƙi suka fashe da dariya. Baba Usman ya sunkuyar da kai. Balaraben ya nuna mini ƙofa: "Halas. Yalla." Wato shi ke nan, kama gabanka.

Ba a jima ba aka kama ni a tasha babu takarda. Na dai koyi cewa kafin ka yi murnar maganinka ya kashe ɓarawo, ka duba ko ya bar mai gida da rai. Sai dai a jirgin da ya maido ni Kano na gama koyon darasin.