Bakin Sadiya da Lasifikar Malali

Ba zan taɓa mantawa da dinar bikin ƙawarmu a Malali ba, ko da na so. Tebur ɗaya aka haɗa ni da Sadiya, ɗiyar kawuna. Anko ɗaya muka sa, tela ɗaya a Hayin Banki ya ɗinka mana, amma nata ya zauna ɗas, nawa kuwa kamar na aro. (Har yau ban yafe wa telan nan ba.) Abin haushi, Bashir, likitan da na daɗe ina yi wa kwalliya bai sani ba, shi ma yana teburinmu, amma ita yake ta yi wa murmushi. Kishi ya cika ni fal.

Masu kayan sauti sun kafa lasifika can hagu bakin ƙofa, sanƙira kuwa yana tsaye ta dama. Da farko abin ya dame ni, baki nan, murya can. A hankali na daina lura, muryar ta koma bakinsa.

Ana tsagaita kiɗa sai na ji an ce ƙasa-ƙasa, "Wannan ɗinki kuwa, ai an cuci yadin."

Daga dama na ji maganar. Na duba, ga bakin Sadiya yana motsi. Na miƙe zumbur.

"Sadiya, in kina da magana ki faɗa mini ido da ido! An cuci yadin, ke kika saya mini?"

Ta zaro ido, kumatu cike da cincin.

Sai gwaggon amarya, da ke zaune gab da ita ta hagu, ta saki ƙyallen teburin da take murzawa. "'Yar nan, ni na yi magana, kuma da ƙyallen nan nake. Amma tunda kin tsargu, juya mu gani."

Ban juya ba, amma kowa ya gani.

Bashir ya so ya cece ni. Ya ce idan ido da kunne suka daɗe suna saɓani kan inda murya take fitowa, ƙwaƙwalwa takan bi ido, ta ɗan karkatar da ji zuwa ɓangaren da ido ya nuna, ko bayan lasifikar ta yi shiru. Sadiya ta haɗiye cincin ta ce, "Don Allah, Likita? Ƙara min bayani." Ya juya kujerarsa gaba ɗaya wajenta.

Bayanin nan bai ƙare ba sai da aka sa musu rana.

Yanzu kafin in tanka wa kowa, sai na tabbatar bakinsa magana yake, ba tauna ba. A bikinsu ni na tsaya a kan masu kayan sauti har suka ajiye lasifika kusa da sanƙira. Tela kuma na canza.