Rasuwar Fiffiken Hagu na Jirgin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya gaji da faɗa, ni wan mai makoki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon ƙanina tela, rasuwar fiffiken hagu na jirgin saman da ya ƙera a rumfar bayan gidana. Ba tsufa ne ya kashe marigayin ba. Ba kuma iska ba ce, ko da yake ita ake ta ɗora wa laifi. Son sauƙi ne ya kashe shi, da taurin kan mutumin da yake ganin duk abin da ya yi tsawo, yankewa ce maganinsa.

An haifi marigayin daga katakon teburin yanka na shago, wanda mahaifinmu ya bari. Ya taso mai faɗi a gindi, inda yake manne da jikin jirgi, yana tsukewa har zuwa ƙarshe. An suturta shi da farin yadi, kuma a nan dole in faɗi gaskiya, ɗinkin ya yi kyau. Ban taɓa ganin gawa mai kyan sutura kamarsa ba. Mai haƙuri ne. Kaji sun kwana a kansa, an yi shanya a kansa, duk ya jure. In iska ta kaɗa yakan ce far-far-far, sai ƙanina ya ajiye kofin shayi ya ce, "Yaya, ka ji? Tashi yake so."

Ciwon ajalinsa a haƙarƙari yake, kuma da shi aka haife shi. Ga wanda bai sani ba, cikin fiffike akwai haƙarƙarin katako a jere, su ne suke ba shi siffa. Takardar ƙirar da ƙanina ya samo siffa biyu kawai ta nuna, babba na gindi da ƙarami na ƙarshe, ta ce na tsakiya mai ƙira ya fitar da su da kansa. Yadda ake yi kuwa, a kafa babba a nan, ƙarami a can, a ja zare daga hancin wannan zuwa hancin wancan, daga doro zuwa doro, daga wutsiya zuwa wutsiya. Kowane na tsakiya sai ya ɗauki awonsa daga inda zaren ya ratsa gurbinsa. Da haka tsawo da kauri da lanƙwasa suke raguwa tare. Zare fa, jama'a! A shagon tela!

Ƙanina ya ce ɓata lokaci ne. Ya ɗora babban a kan katako, ya yanko su duka iri ɗaya, sa'an nan ya bi su yana datse wutsiya, kowane ya fi na bayansa gajarta, kamar yadda yake rage ƙafar wando. Suka fito da ƙaton ƙirji da guntun baya.

Matarsa, wadda take taya shi ɗinki tun gemunsa yana baƙi, ta leƙo rumfar ta ce, "Maigida, in aka ce ka ɗinka rigar yaro, rigar ubansa kake yanke wa gindi? Wuyan fa? Hammatar fa?"

Ya ce, "Ke dai je ki. Iska ba ta yawo da tef."

Ta ce, "To. In ya tashi, ni zan fara hawa. In ya faɗi, makullin shago nawa ne, tun ba ka cire ƙofar ka yanka ba."

Ya ce ya yarda, ya kuma ce in zama shaida. Na zama.

Ranar rasuwar aka turo jirgin zuwa filin ƙwallo. Ƙanina ya aro gilashin mai walda ya sa, ya ce daga yau a riƙa kiransa Matuƙi. Inji ya ɗauka, jirgi ya yi gudu, ya yi tsalle, ya ɗaga har kaza za ta iya wucewa ta ƙarƙashinsa ba ta sunkuya ba. A nan ne marigayin, wanda zarto ya fi zarcewa a kansa, ya ce ƙiiii, ya duƙa ya taɓa ƙasa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras. Jirgin ya juya ya dubi inda ya fito.

Ya rasu ya bar abokin tagwaicinsa, fiffiken dama, wanda yake ɗauke da ciwon nan a jikinsa, yana jiran nasa lokacin. Ya bar injin babur, da farfela mai karaya, da kujerar roba mai ƙafa uku da aka ɗauke mini daga ƙofar gida ba a tambaye ni ba. Ya kuma bar kaji ba wurin kwana.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, a baro. Ƙasusuwan za a kai wa mai gidan burodi ya sa a wuta. Suturar kuwa matar ƙanina ta wanke ta, za ta yi labule. Masu zuwa gaisuwa su zo hannu sake, kada kowa ya kawo katako. Duk wanda ya zauna kusa da mai makoki ya ce masa "ai saura ƙiris", zan fitar da shi ta inda ya shigo.

Wanda zai jajanta masa ya san abin da yake jajantawa. Ya rasa fiffike. Ya rasa teburin mahaifinmu. Ya rasa haƙorin gaba, da sunan Matuƙi, da rumfata, don na sa mata kwaɗo. Makullin shago kuma jiya na karɓa na miƙa wa mai shi.

Daga Litinin za a same shi a kusurwar shagon matarsa, kusa da ƙofa. Aiki ɗaya ta ba shi, rage ƙafar wando. Ta ce a wannan kam ba shi da na biyu.