Ladi Ta Ci Wake

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi ƙwato wa Hausawa haƙƙinsu a wani falo a Tottenham ba. Babu wanda ya aike ni, Hausawan ma ba su san ana yi ba.

Lokacin watana uku da fara aiki a wani ƙaramin kamfani a London, wanda ke sayen tsofaffin shirye-shiryen talabijin ya gyara su ya saka a intanet. Aikina neman izinin kiɗa. Duk kiɗan da ya fito a cikin shiri, ko da na daƙiƙa biyar ne, sai an gano wanda ya tsara shi, an nemi izininsa ko na magadansa, kafin a sake nuna shirin. In ba a samu ba, sai dai a yanke wurin ko a ajiye shirin gaba ɗaya. (Na yi wa Umma wannan bayanin sau uku. Har yau in an tambaye ta cewa take a gidan rediyo nake aiki.)

Wata Litinin shugabata, Judith, ta miƙa mini wani tsohon shirin kacici-kacici da aka yi tun kafin a haife ni. Irin wanda ake tara mutane a zaure, a yi musu tambayoyi, wanda ya ci ya tafi gida da firji ko keken ɗinki. A wancan zamanin ba faifai ake sakawa ba, shirin yana da makaɗansa na kansa. Mutum bakwai ne, suna zaune a gefe kan dandamali, kowa da kwat mai faɗin wuya. In ɗan takara yana tunani, mai ganga ya dinga gurgura masa ita har zufa ta karyo masa. In ya ci, a busa ƙaho. In ya faɗi, a yi masa wata busa mai kama da kukan jaki, jama'a su yi ta dariya. Matsalata da su ita ce, duk waƙar da ta faɗo musu a rai sai su ɗan taɓa ta, kuma ba wanda ya damu ya rubuta sunanta a takarda. Don haka sai na saurari shirin ɗaya bayan ɗaya ina gano waƙoƙin da kaina.

Na sa abin sauraro a kunne na kunna na farko. Kiɗan buɗe shiri yana farawa na ji ƙafata tana bugun ƙasa ba da izinina ba. Kafin a kai rabi har bakina ya fara bi:

"Ladi ta ci wake, ta hana mu,
cikinta ya kumbura kamar tulu."

Wannan waƙar muna yara kullum sai mun yi ta a tsakar gida muna tafa hannu. Yayyena sun yi ta, 'ya'yan maƙwabta sun yi ta, a makaranta ma da ita muke tsokanar duk wata Ladi. Na duba takardar rajista, sai na ga an rubuta cewa shugaban makaɗan, wani Mista Reg, shi ya tsara kiɗan, kuma shi kaɗai ke da haƙƙinsa.

Ai kuwa raina ya ɓaci. A cikin jirgin ƙasa na District line, tun daga tsakiyar gari har unguwarmu Barking, ina zaune ina shirya jawabi a zuciyata. Sun kwashe mana kayan tarihi sun cika gidajen kallo da su, yanzu har waƙar tafa hannun yara ba su bari ba. Kuma Allah cikin ikonsa ya kawo takardar hannun Bahaushiya. Na ji kamar an haife ni ne saboda wannan ranar.

Washegari na rubuta wa Judith doguwar takarda. Na ce kiɗan na gargajiyar Hausa ne, mata suna rera shi lokacin girbin wake tun ɗaruruwan shekaru. (Ban san inda na samo ɗaruruwan shekarun nan ba. Girbin kuwa, na ga tunda akwai wake a ciki, ba zai rasa alaƙa da gona ba.) Na kuma shiga na'ura na sa wa kiɗan alamar jayayya. A aikinmu, da zarar an sa wannan alamar, komai ya tsaya. Shirin da aka shirya fitarwa bayan mako uku sai aka soke ranar, kuma kuɗin da za a biya Mista Reg suka maƙale har sai an warware.

Judith mace ce mai sanyin murya. Ta cire tabarau ta ce, "Kin tabbata? Mutumin nan yana raye fa, ya haura tamanin. In muka ce ba shi ya tsara ba, mun ce masa ɓarawo ke nan."

Na ce, "Da wannan waƙar aka goya ni. Kuma ina da shaida."

Shaidar tawa Kawu Sabo ne, ƙanen Umma, wanda ya yi shekara talatin yana aikin sauti a wani gidan talabijin a garinmu kafin ya yi ritaya. Babu makaɗin da bai naɗa ba. Na rera masa waƙar a saƙon murya, na tambaye shi ko ya san ta. Ya amsa da nasa saƙon: "Uwata, ai na san ta kamar yunwar cikina. Duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin asalinta." (Sunan kakarmu gare ni, shi ya sa yake kirana haka.) Mai hankali da sai ta ce, to Kawu, mene ne asalin? Ni kuwa na ce masa kawai ya riƙe waya kusa ranar Alhamis da azahar, akwai Turawan da za su ji gaskiya.

Ranar Alhamis muka tafi gidan Mista Reg ni da Judith. Na ɗaura ɗankwalina na zuwa biki, don a san wakiliyar al'umma ce ta zo. Tsohon da kansa ya buɗe mana ƙofa, ɗan siriri, yana dogara sanda, ya sa taye saboda baƙi. Falon ƙarami ne, piyano ya cinye rabinsa. A bango ga hoton makaɗan bakwai. Ya nuna mana su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ce saura shi da mai ganga, shi ma mai gangar ba ya gane mutane yanzu. Ya kawo shayi da biskit. Na ƙi cin biskit ɗin, don kada a ce an saye ni.

Judith ta yi masa bayani a hankali. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Na tsara shi a bayan ambulan, a cikin bas. Da safen aka ce mana ana son kiɗan buɗewa kafin yamma. Ban taɓa zuwa Afirka ba, ko Faransa sau ɗaya na je. Amma ƙwaƙwalwa tana yaudarar mutum. In na ji shi a wani wuri ne na manta, gara in sani kafin in mutu."

Maganar ta ɗan sosa mini rai, amma na riga na hau. Na miƙe tsaye, duk da ba wanda ya ce in tashi, na rera waƙar daga farko har ƙarshe, har da tafi. Na zauna na kira Kawu, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na ajiye ta kusa da biskit.

"Kawu, kun yini lafiya? Ga ni tare da mutumin da ya ce wai shi ya tsara kiɗan Ladi ta ci wake. Ku faɗa mana asalinta, ni zan fassara musu."

Kawu ya ce, "Wai mai kiɗan ne da kansa? Yana raye? Allah mai iko. Ba sai kin fassara ba, matso da wayar kusa da shi."

Na manta cewa Kawu ya taɓa zuwa kwas na wata shida a ƙasar nan, kuma tun daga lokacin yake neman wanda zai juye wa Turancinsa. Da a ce da Hausa ya yi maganar, da na san yadda zan lanƙwasa ta. Sai ya gyara murya ya shiga Turanci tsantsa, irin na masu karanta labarai.

Ya ce shekarun baya, yana sabon ma'aikaci, an aiko musu da kaset-kaset na shirye-shiryen Ingila don cike lokaci, har da wannan na kacici-kacici. Mutanen gari ba su damu da shirin ba, don ba wanda ya san amsar tambayoyin. Amma kiɗan ya shiga ransa. Da aka ƙirƙiro shirin yara na yamma aka rasa kiɗan buɗewa, sai ya yanko wannan ya manna. Aka yi ta amfani da shi shekara goma sha, kullum ƙarfe huɗu da rabi. Yaran gari ne suka sa masa baiti da kansu.

"Ni da hannuna na yanko shi da reza," in ji Kawu, cike da alfahari. "Ko ɗigon kuskure babu a wurin haɗin."

Judith ta matso kusa da wayar, da muryar nan tata mai sanyi, ta ce, "Kun nemi izini kuwa?"

Kawu ya ce, "Izinin me?"

Na duba ƙasa ko za ta tsage, kafet ne mai furanni, ko motsi bai yi ba. Ɗankwalin da na ɗaura ya yi mini nauyi kamar na ɗauko tulu. Na zo kama ɓarawo, na kawo shaida tun daga Nijeriya, shaidar ya amsa laifi da bakinsa, kuma ɗan ɗakinmu ne.

Mista Reg ya matso kusa da wayar. Sannan ya tambayi Kawu, "Yara nawa ne suka san shi?"

Kawu ya ce, "Duk wanda ya tashi a garin nan. Jikokina ma suna yi, su da ba su taɓa ganin shirin ba."

Tsohon ya ciro hankici ya share tabarau, ya daɗe yana sharewa. Ya ce shi a zatonsa kiɗan ya mutu ranar da aka rufe shirin. Matarsa ma, kafin ta rasu, cewa take ya yi kama da tallan man goge baki. Sai ya juyo gare ni da fara'a ya ce, "Judith ta ce waƙar girbi ce mai tsohon tarihi. Me baitin yake cewa?"

Na so in ce yana magana ne kan albarkar ƙasa da haƙurin manomi. Amma Kawu na kan layi, kuma na ga abin da Turancinsa zai iya. Na sunkuyar da kai na ce, "Wata yarinya ce ta ci wake ta hana ƙawayenta, sai cikinta ya kumbura."

"Shi ke nan?"

"Akwai baiti na biyu, amma ba a faɗinsa a gaban manya."

Judith ta ajiye kofinta ta juya tana kallon taga, kafaɗunta suna rawa. Mista Reg kuwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na tashi na ɗebo masa ruwa. Da ya farfaɗo ya lallaba zuwa piyano, ya ce lallai sai na sake rerawa. Yatsunsa sun ƙandare, amma suna hawa kiɗan suka miƙe. Haka na tsaya a falon ina rera Ladi ta ci wake, mai kiɗan yana bina, Kawu yana tafi ta waya yana gyara mini inda na ja da yawa. Sau uku muka yi. Judith ta ce maganar izinin da gidan talabijin ɗin su Kawu bai nema ba fa? Tsohon ya kaɗa hannu ya ce an riga an biya shi yau.

A hanyar komawa, muna jiran bas, na fara ba Judith haƙuri, ina jiran ta ce in kwashe kayana. Ta ce kunnena yana da kyau, don ba kowa zai gane kiɗa bayan shekara ashirin ba. Abin da ya rage mini shi ne in koyi tambayar shaida me zai faɗa kafin in kai shi gaban mutane. Sannan ta ce in cire alamar jayayya kafin ƙarfe biyar, in kuma rubuta wa duk ma'aikatan kamfanin dalilin da ya sa aka ɗage fitar shirin. Na rubuta. Kwana biyu ina shiga kicin ɗin ofis sai in ji wani yana yin kiɗan da fito a hankali.

Shirin ya fito, an makara da mako guda, da sunan Mista Reg a inda ya dace. Kawu kuwa har yau yana ba da labari a majalisa cewa shi ya haɗa zumunci tsakanin Ingila da garinmu.

Ni dai abin da na koya shi ne, ba duk abin da ka tashi ka tarar a tsakar gida ba ne gadon kakanni. Wani kawunka ne ya kawo shi, kuma kafin ka yi ihun ɓarawo a gidan mutane, ka fara kiran gida ka tambaya a hankali, ba tare da ka buɗe muryar waya ba.