Injiniya Barau da Ragon Inna Talatu

Duk faɗin Yalwawa, daga bakin titi har gindin duwatsu, ba mu da mutum kamar Injiniya Barau. Wasu unguwannin na Dutse suna alfahari da likita, wasu da alƙali. Mu kuwa Allah ya ba mu mutumin da yake jin abin da ke cikin ƙasa, kuma ba ya gajiya da tuna mana irin sa'ar da muka yi da samunsa.

Kada a tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyanci. Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikata yana riƙe da makullin sito, inda ake ajiye shebur da diga da tsofaffin tayoyi. Injiniyoyi kan zo karɓar kaya, su tsaya a rana har sai ya gama shan kununsa. To, mutumin da injiniyoyi suka shekara talatin da biyar suna jira, ai ya wuce a ce masa Malam Barau gaya haka. Ranar da ya yi ritaya sai ya ɗauko sunan ya taho da shi gida, kuma babu wanda ya biyo shi ya karɓa.

Sai maganar na'ura. Wani surukinsa ne ya kawo masa ita tsaraba daga Dubai: sanda ce doguwa mai faranti a ƙasa, da ɗan akwati mai maɓallai a sama, da abin sawa a kunne. In aka bi da farantin ta kan ƙarfe, sai ta yi tsuwwa. Littafin bayaninta yana nan cikin ledarsa ba a ɓare ba, domin Injiniya ya ce littafi na 'yan koyo ne. Maɓalli ɗaya ya sani, na kunnawa. Sauran ilimin daga kansa yake fitowa, kuma kan nan ba ya ƙafewa.

Kullum bayan la'asar sai ya sa wata falmaran mai aljihu goma sha biyu, ya saɓa sandarsa, ya bi filayen bayan unguwa yana tafiyar mai neman allura. In ka yi masa sallama ba zai amsa ba, sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya. Da ya dawo majalisa kuma sai a ba shi tsakiyar benci.

"Ku tafiya kuke yi a kan ƙasa," in ji shi, "ni karanta ta nake yi. A duk jihar nan mu biyu ne muka san aikin nan, ɗayan ma ba na jin ya kai. Na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne yake ƙarya."

A zaurensa akwai shogilas da matarsa ta daina amfani da shi, a nan ya jera abin da ƙasa ta ba shi. Murafan kwalba sun fi ɗari. Akwai sakata, da rabin cokali, da kwabo mai huji guda ɗaya wanda ya ce tun kafin zuwan Turawa aka binne shi, duk da rubutun Turawan da ke jikinsa ɓaro-ɓaro. Ya taɓa gano makullin babur na wani tela, gaskiya ne, kwana tara bayan telan ya canja kan makullin. Matasa in suna gabansa sai su ce masa Ministan Ƙarƙashin Ƙasa, ya yi murmushi ya gyara hula. In ya ba da baya, Baba Tsuwwa ne.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Inna Talatu. Dattijuwa ce, mijinta Malam Aji ya rasu shekara shida da suka wuce, tana zaune da matar ɗanta, Ummi. Ɗan nata Mu'az direba ne a hanyar Ringim, sai ya yi kwana uku bai kwana a gida ba. Abu biyu Inna ta mallaka da za a kira dukiya. Na farko 'yan kunne ne na zinare, ƙanana, da Malam Aji ya kawo mata daga Makka, zuwansa na farko kuma na ƙarshe. Na biyu rago ne fari mai baƙin kai da ta ɗaure a turke wata takwas, tana ba shi dusa da kanwa da harawa, tana hana kanta don ya ci. Saura mako uku Babbar Sallah, har dillalai daga kasuwar Shuwarin sun fara leƙowa suna taya shi. Da shi ta yi niyyar gyara rufin ɗakinta kafin damina ta kankama.

Ranar wata Laraba da hantsi ta dama wa ragon dusa, ta sunkuya ta ajiye masa, ta shafa kansa. Da ta miƙe ta kai hannu kunnen dama, sai ta ji wayam. Ta zazzage zani, ta duba ƙarƙashin gado, ta kwashe kwanon dusar da hannu. Daga nan ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun kwanan takaba. Ba tsadar zinaren ce ta sa ta kuka ba. Shi kaɗai ne abin da hannun Malam Aji ya sa a hannunta da ya rage.

Kukan ya tsallaka katanga. Kafin Ummi ta ɗauko tsintsiya da rariya, don ta share tsakar gidan ta tankaɗe sharar kamar yadda mata suka saba, sai ga sallama daga zaure. Minista ya iso, da falmaran da komai.

"Ajiye tsintsiyar nan!" ya daka mata tsawa. "Da rariya za ki nemi zinare a ƙarni na ashirin da ɗaya? Inna, share hawayenki. Allah ya yi miki gata da ya haɗa ki katanga da ni. Mutane daga Haɗeja suke kirana a waya ina cewa ba ni da lokaci. Ke kuwa kyauta zan yi miki, saboda haƙƙin maƙwabtaka."

"Allah ya saka da alheri, Malam Barau."

"Injiniya," ya gyara mata.

Umarninsa na farko shi ne duk wata mace ta fice zuwa zaure, domin awarwaro da zobe suna rikita kimiyya. Inna da Ummi suka koma zaure suna leƙe. Maza kuwa, da suka ji labari, suka cika tsakar gidan da makullansu da wayoyinsu, amma su ba sa rikita komai, domin su ne 'yan kallo.

Aiki ya fara. Na'ura ta yi tsuwwa a gindin murhu, Injiniya ya haƙa, ya zaro ƙusa. Ta yi tsuwwa a bakin ɗakin Inna, ya fasa daɓen da aka yi bara, ya zaro murfin gwangwanin madara. Kowane abu sai ya ɗaga shi sama, ya juya shi a rana, ya jefa a aljihu. Kafin azahar tsakar gidan Inna ta koma kamar gonar da aka tone dankali. Ramuka goma sha ɗaya na ƙirga da idona, kuma a gefen kowanne Injiniya ya tsaya ya yi bayani.

Da ya rasa wurin haƙa sai ya matsa wajen turke. Ragon yana kwance yana tuƙa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Farantin ya gifta ta gefen cikinsa, na'ura ta yi tsuwwa. Injiniya ya daskare. Ya sa aka kwance ragon aka ja shi tsakiyar fili, nesa da turken da igiyar, ya sake gwadawa. Ta sake yi, siririya, doguwa.

Ya cire abin kunne a hankali, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sai da ya tabbatar kowa ya yi shiru.

"Kun ji wannan kukan? Ƙarfe gurnani yake yi. Zinare kuwa kukan amarya yake yi, siriri. A kira min Inna."

Inna ta shigo tana taka ramuka.

"Ɗan kunnenki ya faɗa cikin dusa, ragon ya haɗiye. Ga shi nan a cikinsa, kamar ina ganinsa."

Inna ta ce, "To, Injiniya, ai sai a bar shi a ɗaure, in ya kasayar mu riƙa dubawa."

Injiniya ya yi 'yar dariyar tausayi, irin wadda malami yake yi wa ɗan aji ɗaya. "Inna, Inna. Cikin dabba akwai wani ruwa mai narkar da zinare. Turawa sun yi bincike. Daga yanzu zuwa magariba, rabinsa ya tafi. Gobe war haka ko ƙurarsa ba za ki gani ba. Ni dai na yi nawa. Zaɓi ya rage gare ki: ko rago, ko amanar Malam Aji."

Wallahi a nan ne dariya ta ƙare mini. Mutum ya san inda tsohuwa take da rauni, ya sa yatsa daidai wurin ya danna, don kawai kada a watse ba a tafa masa ba. Ummi ta kira wayar Mu'az har sau huɗu ba ta shiga. Inna ta dubi ragon, ragon ya dube ta, don ya saba in ta tsaya a kansa abinci ne ya zo. Ta juya baya ta ce a kira Sani.

Sani mahauci ya zo da wuƙaƙensa. Shekararsa talatin yana fiɗa, kuma da ya ji bayani sai ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, Injiniya, dabbar cikin gari fa, in ka buɗe tumbinta, da wuya ka rasa 'yar ƙusa ko guntun waya. A cikin dusa suke haɗa su. Ko a ɗan saurara zuwa gobe?"

"Kai wuƙa ka sani, ni kimiyya na sani," in ji Injiniya. "Kowa ya tsaya a fagensa."

Sani ya tsaya a fagensa. Aka kayar da ragon wata takwas, aka yanka, aka feɗe. Injiniya ya sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo, ya gyara falmaran, ya tsaya a kan mahauci yana nuna masa inda zai tsaga. Aka zazzage tumbi a kan tsohon buhu. Sani ya bi shi da yatsu sannu a hankali. Ya ware leda. Ya ware ƙusa biyu da wani lanƙwasasshen guntun waya. Ya bi hanji kamu-kamu har ƙarshe, ya wanke, ya sake bi. Sannan ya ɗaga kai: babu ɗan kunne, babu alamarsa.

Da wani mutum ne, da tuni ƙasa ta tsage ya shige. Amma manya ba sa faɗuwa a gaban jama'a.

"Abin da na ji tsoro ke nan," in ji Injiniya, yana girgiza kai. "Ya narke. Gardamar da kuka tsaya yi ce ta cinye lokacin. Amma ku shaida, na'ura ta ce akwai ƙarfe, ga ƙarfe." Ya saɓa sandarsa, ya tsallake ramukansa, ya tafi sallar la'asar.

Nama ba ya jiran Sallah. Matan maƙwabta suka shigo taya Inna suya, don kada a yi asara biyu. Aka hura wuta a tsakanin ramuka, hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya ishi Inna, ta ture ɗankwalinta baya tana share gumi. Ummi da ke juya nama a bayanta ta saki matsami ta yi salati. Ɗan kunnen yana nan maƙale a jelar kitsonta, bayan kunne, inda ɗankwali ya rufe shi tun safe. Wuni guda yana zaune a zaure tare da mai shi.

Inna ta karɓe shi ta riƙe a tafin hannu. Ta yi hamdala. Sannan ta dubi turken da babu kowa, ta dubi rufin ɗakinta, ta ci gaba da suya har aka sauke kasko.

Al'ada ce in an yi yanka a gida a aika wa maƙwabta rabonsu a kwano, a rufe da faifai. Kowane gida a layinmu ya samu. Na Injiniya kuwa Inna da kanta ta ɗauko, washegari da yamma, lokacin da majalisa ta cika. Tun daga nesa aka jiyo muryarsa. Labarin ganin ɗan kunnen ya riga ya iso, kuma ya riga ya sami fassara.

"Tun farko na lura da alamar tana fitowa daga ɓangaren zaure. Da an bar ni na kammala zagaye na biyu…"

Sai ya hangi kwano. Fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya dubi na dama da na hagu.

"Kun gani? Mutanen da suka san darajar ilimi ke nan. Inna, da ba ki wahalar da kanki ba. Na ce miki kyauta na yi."

"Ai haƙƙinka ne, Injiniya," in ji Inna, ta ɗan rusuna ta ajiye kwanon a gabansa. 'Yan kunnenta biyu suna kunnuwanta. "Kowa na ba shi daga abin da na kiwata. Kai kuma na kawo maka abin da ka samo."

Ya ɗaga faifan da yatsa biyu, a hankali, don kowa ya gani. Ƙusa biyu ne da guntun waya, an wanke su tas, an jera a tsakiyar kwano.

Injiniya ya yi sauri ya mayar da faifan ya rufe kwanon.

Inna ta gyara mayafinta ta juya. Ta yi taku uku, sai ta waiwayo.

"In ka juye, a dawo min da kwanon. Shi ma ƙarfe ne, kada ya kwana a gidanka."